Shekara Uku Suka Rage

Ranar Laraba muke haɗuwa a Oulu,
a ƙuryar shagon gahawa, daura da tashar jirgin ƙasa,
mu bakwai, duk furfura, kowa da ɗan hannun jarinsa
a kamfanin da ya daina ƙera waya tun tuni.
Takardu yake kiwo yanzu,
takardun haƙƙin ƙirƙira, garke guda,
yana tatsarsu duk inda aka sayar da waya.

Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya sauka.
Kalervo ya kakkaɓe ƙanƙara daga hularsa, ya baje jarida.
Maƙeran waya na gabas sun taya, in ji shi,
kuɗi a dunƙule, a biya sau ɗaya, a rufe littafi.
Namu sun ce albarka.
Ya daki tebur har cokula suka amsa:
Haka ake ciniki!
Kowace waya da kasonmu,
in sun ƙi, mu haɗu gaban alƙali,
a hana su sayar da ko murfin batir.

Sirkka ba ta ɗago daga saƙarta ba.
Shekara talatin ta yi tana riƙe lissafin masana'antar katako.
Ta ce, lauya ba ya aikin bashi, Kalervo.
Wancan karon wata arba'in ana ɗaga zama,
muka ci shari'a, aka buga mu a jarida,
ribar ta kwana a aljihun masu baƙar riga.
Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Sai Veikko, mai kunne ɗaya da rabi,
ya ciro wayarsa, ya kifa ta a faranti:
To a kan me za a yanka kason?
A kan wannan duka, da gilashi da kyamara da suna,
ko a kan 'yar ƙwayar da ke ciki, wadda ba ta kai farce ba?
Nan aka kaure.
Gahawa ta huce, ba wanda ya kula.

Ni dai ina juya zobena.

Ɗaya daga cikin garken nan na san ranar haihuwarta.
A jirgin dare ne, hanyar Rovaniemi,
Aulis yana kiran mahaifiyarsa, layi yana tsinkewa,
sau biyar tsakanin daji da daji.
Ya ari birona, ya juya bayan tikiti,
ya zana yadda waya ba za ta saki ƙarfen sabis na baya ba
sai ta tabbata na gaba ya riƙe ta.
Ya ce, Tuovi, kamar biri da reshe.
Na ce ya kwanta.

Kamfani ya ba shi agogo da takarda mai hatimi.
Shekara ashirin doka ta yanka wa takardar,
sha bakwai sun tafi.
Shi bai jira ba, shida ke nan da na kai shi.

Ke fa, Tuovi? A karɓa ko a ja?
Kamar za a tambaye mu.
Jarinmu duka bakwai, in an haɗa,
bai sayi kujerun ɗakin da ake cinikin ba.

Na buɗe baki ke nan, jakata ta ɗau ruri.
Jikata ce, Vilja, tana cikin jirgi daga kudu,
ta faɗi jarrabawa, saurayi ya yi shiru, takalminta ya jiƙe.
Na fita waje ba safar hannu.
Minti arba'in tana magana,
ina jin ƙarar dogo a ƙarƙashin muryarta,
ina ƙirga dazuzzukan da take ratsawa,
ina jiran inda za ta tsinke.

Da na dawo sun raba kuɗin gahawa,
Kalervo da Sirkka suna gardama a kan canji.